Tsoron Aro a Birnin Gaɓar-Iska

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba ɗinki, ya ba zaki farce, ya ba zomo ƙafa. Bayan haka, ni ne Malam Barmo, wanda ya ƙarar da takalmansa a hanyoyin duniya. Sunayen garuruwa da yawa sun zube mini kamar tsaba daga ɓulallen buhu, amma na Birnin Gaɓar-Iska ya maƙale, don kuwa a can ne na kusa zama kalacin tsuntsuwa.

Abin da ya fitar da ni daga gida ba fatauci ba ne, ba kuwa yunwa ba. Tun ina saurayi na lura cewa labaran jarumai, na gabas da na yamma, turba ɗaya suke bi kamar shanu masu komawa ruga. Jarumi zai tashi tafiya, abokinsa ya riƙe masa riga ya ce kada ya je. Mugu zai kama shi, maimakon ya kashe shi sai ya tsaya yi masa bayanin dabararsa. In ya faɗo daga kan dutse, akwai reshen da ke jiransa. Na ce lallai akwai ilimi a ƙarƙashin wannan. Na ɗauki sanda don in zaga duniya in tattara ƙa'idojin labari kaf.

Abokin tafiyata shi ne taubashina Nomau, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni ina kiransa bawana, shi yana kirana bawansa, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Mahaifiyarsa, goggona, ita ta ce ya bi ni. Ya ji tsoron hanya, ya ji tsoron Goggo, ya auna su, ya ɗauki ƙunshinsa.

Mun haye wani kogi da ke juyawa da baya in an daka masa tsawa. Mun ratsa ƙasar da inuwar mutum ke riga shi fita gona. Sunanta ya ɓace mini, amma furarsu da daɗi. A dajin da ke bayanta wani dodo ya kama mu, ya ɗaure mu jikin kuka, ya ɗora tukunya. Na tuna ilimina, na ce, "Ranka ya daɗe, yaya za ka dafa mu?" Dodo ya ajiye wuƙa, ya gyara zama, ya fara bayani tun daga yadda kakarsa ke jiƙa daddawa. Haƙoran Nomau kuwa suna ta kaɗawa don tsoro, igiyar tana daidai bakinsa, har suka datse ta. Muka sulale muka bar dodo yana maganar yaji.

Na ce, "Ka gani, bawana? Ƙa'ida ce ta cece mu."

Ya ce, "Ƙa'ida ce haƙoranta ke ciwo yanzu?"

Ban kula shi ba. Daga ranar kaina ya ƙara girma, har hulata ta matse.

Birnin Gaɓar-Iska a bakin wani kwazazzabo yake, mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka manta ka jefa. A ƙofar gari muka tarar da wanzamai a jere da zabirorinsu, ganuwa kuma an rataye mata goruna har sama, kowane an toshe bakinsa da totuwa. Babban wanzamin ya yi mana maraba, ya ce al'adarsu ba a shiga birni da tsoro. Kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar zaure, haka ake ajiye tsoro a ƙofar gari. Ƙaho suke kafa wa mutum a ƙeya su zuƙo shi, su juye a gora. Wanda zai fita sai ya karɓi abinsa. Tsoron da ba a karɓa ba kuwa, in gero ya nuna, sai a kwashe a zuba a gonaki don ya kori tsuntsaye.

Ya ce, "Gero ya nuna, gobe ake zubawa. In kuna son naku, ku karɓa kafin hantsi."

Na miƙa ƙeya. Ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya juye. Abin bai cika ɗan ƙaramin gora ba. Na dubi Nomau ina murmushi.

Wanzamin ya shinshina, ya ce, "Malam, naka kusan iri ɗaya ne duka. Akwai na mutuwa kaɗan a ƙasa, sauran duk tsoron kada a ce ba ka sani ba ne."

Da aka zo kan Nomau, ganin ƙahon kawai ya sa ya sume. Suka zuƙa, suka cika gora. Suka ɗauko wani, ya cika. Suka aika gida aka kawo gyandama, ta cika. Wanzamai suka yi ta karɓeɓeniya har kumatunsu suka gaji. Babbansu ya share gumi ya ce, "Wannan bawan Allah idon ruwa ne da shi. Ku bar shi ya shiga da sauran, ba mu da mazubi."

Ni kuwa da na miƙe, jikina ya yi sakayau kamar an sauke mini dutsen niƙa. Muka shiga gari. Rijiyoyinsu ba murfi. Mai ƙosai da hannu take tsamo shi daga mai. Masu gardama a kan soro suke yi, wanda ya ci sai ya diro don murna. Gidajen maɗora su ne mafiya kyau, kuma duk yawon da muka yi ban ga mai furfura ba. Nomau ya nuna mini wannan, na ce wataƙila rini suke yi.

Abin da ya kawo ni shi ne Zauren Hotuna, wanda na ji labarinsa tun daga nesa. Masu zanen birnin suna jeme fatun awaki har su yi shara-shara, su zana mutum a kan kowace, wannan ya ɗan ɗaga ƙafa, na gaba ya ƙara ɗagawa. Sai su ɗinke fatun a jere, su naɗe a gungume. Hasken rana yana shigowa ta wata kafa a rufi, madubi ya tura shi ta cikin fata zuwa farin bango. In aka juya gungumen da sauri, sai ka ga mutum yana gudu a bango, alkyabbarsa tana kaɗawa. Makaɗi na gefe da kalangu, wata mace tana yin muryoyi.

Labarin jaruminsu ake nunawa, Ƙi-Gudu, mai jar alkyabba da rufaffiyar fuska. Farkon bai samu idona ba, don ina yi wa na kusa da ni bayanin yadda abin zai kasance. Da na juyo, na ɗaga murya na ce, "Yanzu abokinsa zai ce kada ya je!" Abokin ya faɗa. Na ce, "Yanzu za a kama shi, mugun ya tsaya surutu!" Aka kama shi, mugun ya tsaya surutu. Na ce, "Akwai reshe a ƙasa, kada ku damu!" Wani ya jefe ni da ƙwallon goruba.

Da aka tashi, shugabar masu zane ta zo wurina. Magajiya Dudu sunanta, doguwar mace, yatsunta duk shuni, hannunta ɗaya a ɗore. Ta dube ni sama da ƙasa kamar mai zaɓen rago.

Ta ce, "Malam, kai baƙo ne?"

"Baƙo ne, Magajiya."

"Kuma ka san komai?"

"Gwargwado."

"Kuma ba ka iya yin shiru ba?"

Nomau ya ce, "Ko a barci, Magajiya."

Ta tafa hannunta mai lafiya a cinya ta ce, "Allah ne ya kawo ka." Ta yi mini bayani cewa su ba sa zana ƙarya. Abin da idonsu ya gani kawai suke sa wa a fata. Saboda haka kowane sabon labari sai an fita an yi shi a fili, su suna zaune suna zanawa. Gobe da hantsi za a tafi wa Uwar Gaggafa, wata tsuntsuwa da ke ɗauke musu maruƙa, wadda sheƙarta ke kan wani tsayayyen dutse a tsakiyar kwazazzabo. An riga an ɗaura igiya daga gaɓa zuwa dutsen. Mutum ɗaya ya rage musu, wanda zai fara hawa.

Na ce, "Ga ni."

Nomau ya kama mini riga ya ce, "Taubashi, don Allah kada ka je."

Daɗi ya kama ni har na rungume shi. Na ce, "Magajiya, kin ji? Abokin jarumi ya faɗi nasa, ba wanda ya koya masa!"

Ya ce, "Barmo, ko tsani ba ka iya hawa ba."

"Jarumi kullum da rauni yake farawa."

"Za ka mutu!"

"Jarumi ba ya mutuwa a tsakiyar labari. Ko na faɗo, akwai reshe."

"Na leƙa ramin, ko ciyawa babu!"

"Ai ba a ganinsa sai an faɗo."

Duk abin da ya faɗa sai ya zama mini hujja. Da ya yi kuka, na ce wannan ma yana ciki.

Da gari ya waye na nemi Nomau na rasa. Ban damu ba, don na san abokin jarumi yakan yi fushi ya tafi. Masu zane suka sa mini wata riga rawaya fes, wadda makaho ma zai hango. Na lura ta Ƙi-Gudu ja ce, amma na ce wataƙila jan rini ne ya ƙare musu. Mutanen gari suka cika gaɓa, ƙafafunsu na lilo a bakin rami. Makaɗi ya fara. Na taka igiya, mai kaurin cinyar mutum, na kama tafiya kamar ina ratsa tsakar gidanmu. Iska tana kaɗa ni, ni kuwa ina yi wa jama'a wa'azi kan ƙa'idojin labari.

Da na kai tsakiya, Magajiya ta ƙwala kira ta ce, "Malam, juyo da fuskarka! Ƙara surutu, ka ɗaga hannu!"

Na juyo. A bayanta na hango wani ƙato zaune a kan turmi, da jar alkyabba da rufaffiyar fuska, ya ɗage rufin yana shan fura.

Na ce, "Magajiya, wancan fa?"

"Ƙi-Gudu ne mana."

"To ni fa?"

Ta ce, "Kai ne baƙo mai surutu wanda ya san komai. Kai tsuntsuwar za ta fara ci, don masu kallo su san ba wasa take ba. Sannan Ƙi-Gudu ya fusata ya rama maka. Ba ka ga mai rawayar riga a farkon hoton jiya ba?"

Na tsaya a kan igiya na auna maganarta da abin da na sani. Ban sami kuskure ba. A labaran ƙasashe da yawa na gamu da wannan mutum, yana shigowa da baki, yana fita ta bakin dodo. Wani mai hankali da a nan zai juya. Ni kuwa da aka zuƙe wa tsoro, murna na yi da ilimina ya sake tabbata.

Na ce, "Wallahi daidai ne! To ta wane gefe ya fi kyau ta ɗauke ni?"

"Ta hagu, rana ta fi haska ka."

Na gyara tsayuwa ta hagu.

A nan ne na ji murya daga gaɓa. "Barmo! Kai, bawan banza! Tsaya nan!" Nomau ne, ya goyo wata gyandama a baya kamar jariri. Daga baya ya ba ni labari cewa ƙofar gari ya ruga don ya karɓo gorana, ya tarar an riga an tafi da shi gona a jakin farko. Nasa ne kawai suka rage, don duk jakin da aka ɗora wa sai ya durƙushe yana rawar jiki. Ya suri mafi girma ya juyo.

Na ce, "Taubashi, albishirinka! Ashe ba ni ne jarumin ba, ni ne wanda ake ci."

"Kuma kana dariya?"

"To ai ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar gidanku!"

"Gidanmu ai gidan kawunka ne."

Ya dubi igiya, ya dubi rami, ya ja da baya. Ya sake matsowa, ya sake ja da baya. Sai wata inuwa ta rufe gaɓa duka, kamar hadari ya taso. Uwar Gaggafa ce ta bar sheƙa tana shawagi a kanmu, kowane fiffike nata ya isa ya yi wa kasuwa rumfa. Nomau ya runtse ido, ya kwanta rub da ciki a kan igiya, ya fara jan jiki. Yana tafe yana kuka, yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci, yana haɗawa da zagina. Mutanen gari ba su taɓa ganin irin wannan tafiya ba. Wasu har dariya suka yi.

Magajiya ta ce, "Kai mai gyandama, fita, kana ɓata mana hoto!"

Bai ji ta ba. Ya iso, ya lalubo ƙafata, ya finciko rigata har na faɗa zaune a kan igiya. Tsuntsuwa ta tattara fikafikai ta yo ƙasa. Nomau ya kwanto gyandama ya rotsa mini ita a ka.

Wani sanyi ya kwarara mini daga ƙeya har tafin ƙafa. Na dubi ƙasa, a karon farko na ga ramin. Can ƙasa kogi ne kamar zare, kuma gaskiyar Nomau, ko ciyawa babu. Na ƙanƙame igiya da hannu da ƙafa da haɓa. Bayan tsoron rami sai waɗansu suka biyo, waɗanda ban san su ba. Na ji tsoron ƙadangare, da tsawa, da karen maƙwabcin Nomau da ya daɗe da mutuwa. Na ji tsoron muryar Gwamma, matar Nomau, wadda a da ni ke tsokanarta.

Sauran abin da ke cikin gyandamar kuwa ya fantsama sama, ya sami Uwar Gaggafa a fuska tana daf da damƙata. Ta yi wani kuka kamar kaza, ta dubi ƙasa, ta ga nisan da ke tsakaninta da ƙasa, abin da ba ta taɓa lura da shi ba tun ƙyanƙyasarta. Ta bubbuga fikafikai ta koma dutsenta, ta ƙanƙame shi da farce ta runtse ido.

Muka rage mu biyu a tsakiyar igiya, muna lilo.

Nomau ya ce, "Taho mu koma."

Na ce, "Ba zan iya ba. Ka bar ni a nan, ku riƙa aiko mini da tuwo."

"Ina ƙa'ida?"

"Don Allah, Nomau."

Ya dube ni. Can ya ce, "Kai yau kuka haɗu da tsoro, ni da shi aka haife mu. Kada ka yi kokawa da shi, ya fi ka ƙarfi. Ba shi hannun hagu ya riƙe igiya, shi ba ya saki. Kai ka matsar da na dama. In ka kama, sai ku yi musanya."

Na ba tsoro hannun hagu, ya riƙe kamar kaska. Na matsar da na dama. Muka yi musanya. Haka muka yi ta ja da baya, shi a gaba ni a baya, ko ni a gaba shi a baya, na manta yadda ake faɗa in mutane suna tafiya da gindi. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na kwanta na sumbace ta, na ci gaba da rarrafe har sai da na ci karo da bango.

Ƙi-Gudu ya fusata da aka hana shi wanda zai rama wa. Ya ajiye ƙwarya ya ruga kan igiya ba takalmi. Da ya kai inda ta jiƙe, sai ya tsaya cak. Ya durƙusa a hankali, ya kwanta, ya ɗago kai ya ce da ƙaramar murya, "Mai gyandama, wane hannu ka ce?" Nomau ya faɗa masa. Da ya iso gaɓa ya cire rufin fuskarsa, ya yar da alkyabbarsa, ya tafi inda 'yarsa ke zaune ƙafafunta na lilo a bakin rami, ya ɗauke ta, ya koma da ita can nesa ya zauna, ya ƙi sakin ta.

Magajiya Dudu ta daɗe tana duban fatunta. Ta ce, "Labari ya lalace. Amma ban taɓa zana fuska irin ta mutumin nan a kan igiya ba." Ta ɗauki jar alkyabba daga ƙasa ta yafa wa Nomau, ta ce, "Kai ne sabon Ƙi-Gudu. Gobe akwai wani maciji a tsohuwar rijiya."

Nomau ya dube ni, na dube shi. Ba a taɓa yin gudu irin namu a birnin nan ba, don su ba su san abin da ke sa shi ba.

A ƙofar gari babban wanzami ya ba ni haƙuri, ya ce nawa tsoron ya riga ya shiga gona, har tsuntsayen wurin sun daina kuka don kada a ce ba su iya ba. Ya ɗauko ƙaho ya ce bari ya zuƙe mini na aro, tunda ba nawa ba ne. Na dafe ƙeyata da hannu biyu na ce ya bar shi, ina so.

Da shi na ƙarasa yawona, kuma shi ya dawo da ni gida da ƙasusuwana cikakku. Ranar da muka iso, na raka Nomau har ƙofar gidansa, muka yi sallama. Daga ciki Gwamma ta ɗaga murya ta ce, "Wa nake ji kamar Nomau? Sai yau?"

Ban san lokacin da na haye katanga ba. Na dai tsinci kaina a cikin rumbu, a duhu, gero har ƙirji. Na ji numfashin wani a gefena.

Ya ce, "Matsa, bawana. Tsoron nawa ne, rumbun ma nawa ne."

Iyakar abin da ya rage a buhun ke nan. Abin da na ƙara, Allah ya yafe, abin da ya zube kuma, tsuntsaye sun tsince.